Darasin Wannan Wata: Sanatoriyam da Doguwar Jinya

'Yan'uwa manoma, wannan karon za mu ajiye zancen taki da iri tukuna, mu duba wata kalma guda ta Turanci wadda ta kusa sa mu yi hasarar ɗan ƙungiya. Ina roƙon sakataren kowace ƙungiya ya karanta darasin nan da ƙarfi a taro, a hankali, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su ji.

Ga yadda abin ya faru. Bara da farkon damina, a wata ƙungiyarmu ta ƙasar Ikara, akwai wani magidanci mai 'ya'ya biyar wanda ya daɗe yana tari. Ba zan faɗi sunansa ko ƙauyensu ba. Aka gwada kakinsa, aka ce tarin fuka ne, kuma irin wanda ba ya jin maganin da aka saba bayarwa. Ga shi jikinsa ya yi rauni ƙwarai, sai aka ba shi takarda ya tafi Saye, kusa da Zariya. Da dare ɗan wansa, yaron da ya gama sakandare, ya karanta takardar, ya ce, "Baba, ai wannan wuri sanatoriyam ne. Mun karanta a makaranta, can ake kai mutum ya jira ajalinsa." Shi ke nan, mutumin ya ninke takardar ya cusa ƙarƙashin tabarma. Sati biyar tana nan.

Da labari ya same ni na je gidansa. Na tarar da shi zaune a zaure, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Ya ce mini, "Malam, in mutuwa ce gara in mutu a ɗakina. In kuwa ba mutuwa ba ce, wa zai yi mini huɗa?" Ku lura, tsoro biyu ne a cikin maganar nan tasa. Na farko tsoron suna ne, na biyu tsoron yunwa. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Asalin kalmar

Da Turanci ana rubuta ta sanatorium, mu kuwa bakinmu ya fi sauƙin cewa sanatoriyam. Turawan Ingila ma aro suka yi daga Latin, watau harshen Romawa na dā. A harshen nan sanare shi ne warkarwa. Wutsiyar kalmar kuwa, wato orium, tana nuna wurin da ake yin abu. Mu ma muna da irin wannan dabara a Hausa, sai dai mu a gaba muke ɗorawa: wurin karatu makaranta, wurin ƙira maƙera, wurin saƙa masaƙa, wurin jima majema. To, sanatoriyam wurin warkarwa ke nan. Babu mutuwa a cikin sunan ko kaɗan. Da mu ne muka raɗa, wataƙila da mun ce majinyata, amma mun riga mun ba marasa lafiya wannan suna. Saboda haka a darasin nan zan riƙa cewa gidan doguwar jinya.

Bambancinsa da asibiti shi ne daɗewa. Asibiti mutum yakan je a duba shi, a yi masa aiki ko allura, ya kwana uku ko bakwai ya koma gida. Gidan doguwar jinya kuwa ana zama ne wata da watanni, wani har shekaru, kuma galibi a bayan gari ake gina shi inda babu cunkoso. Kalmar ta yi rassa daga baya. A wasu makarantun kwana na Ingila haka suke kiran ɗakin da ake kwantar da yaro in ba shi da lafiya, a Rasha kuma suna kiran wuraren da ma'aikata suke zuwa hutu da shan magani da wannan suna. Amma abin da ya sa duniya ta san kalmar shi ne tarin fuka.

Yadda aka fara

A ƙarni na 19 tarin fuka yana kashe mutane ƙwarai a biranen Turai, inda talakawa suke cunkushe a ƙananan ɗakuna kusa da masana'antu. Ba a san abin da yake kawo shi ba. Da yawa suna cewa gado ne, kamar yadda har yau a wajenmu wani zai ce sammu ne, wani ya ce gashin kyanwa aka haɗiya. Magani kuwa babu.

A shekarun 1850 wani likita Bajamushe mai suna Hermann Brehmer ya buɗe wuri a wani ƙauye cikin duwatsu da ake kira Görbersdorf, wanda yanzu yake cikin ƙasar Foland. Ra'ayinsa shi ne iskar kan tudu da abinci mai kyau da motsa jiki daidai gwargwado za su taimaki huhu ya warke. Wani almajirinsa, Peter Dettweiler, ya ƙara da cewa a riƙa kwantar da majinyata a baranda suna shan iska sa'o'i da yawa kowace rana, ko da ana sanyi, sai a lulluɓe su da barguna. Shi ne kuma ya ƙirƙiro wata 'yar kwalba shuɗiya mai murfi wadda majinyaci zai riƙa tofa kaki a ciki maimakon ƙasa. Daga nan abin ya bazu. Garin Davos na ƙasar Suwizalan ya cika da irin waɗannan gidaje. A Amurka wani likita, Edward Trudeau, wanda shi kansa yana fama da cutar, ya buɗe nasa a Saranac Lake cikin jihar New York a 1885.

Ana cikin haka, ranar 24 ga Maris 1882, Robert Koch ya sanar a Berlin cewa ya ga ƙwayar cutar da madubin likita. Shi ya sa har yanzu ake tunawa da tarin fuka a duniya duka ran 24 ga Maris. Da aka tabbata cewa ƙwaya ce mai bin iska daga mai tari zuwa na kusa da shi, sai gidan doguwar jinya ya sami aiki na biyu, watau raba mai cutar da iyalinsa don kada su ɗauka.

To, shin yaron nan ƙarya ya yi? Ba duka ba. Mutane da yawa sun mutu a waɗannan gidaje, gama hutu da madara ba sa kashe ƙwayar cuta, jiki kawai suke ƙarfafawa ya yi faɗa da kansa. Wanda aka kawo da wuri yakan sami sauƙi, wanda huhunsa ya riga ya lalace sau da yawa ba ya komawa gida. Laifin yaron shi ne ya karanta rabin labari ya rufe littafi.

A ƙasarmu

Mu nan Arewa ba mu san manyan gidajen jinyar tarin fuka irin na Turai ba. Masu tari asibitocin gari ake kai su, kamar na cututtuka masu yaɗuwa da ke Kano wanda jama'a suke kira Asibitin Zana. Doguwar jinyar da kakanninmu suka sani ta kuturta ce. Mishan ta buɗe mazaunin masu kuturta a Garkiɗa a 1929. Wajen 1937 mishan ɗin SIM ta yi yarjejeniya da hukumomin En'e ta karɓi aikin a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, daga nan aka san sunayen Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. A Nijar akwai Danja kusa da Maraɗi. Mu kuma mutanen ƙasar Zazzau, wurin da muka sani shi ne Saye. Daga baya, a shekarun 1970, gwamnatocin jihohi suka karɓi yawancin asibitocin mishan na Arewa.

Ku tsaya ku yi tunani a kan sunan nan Yadakunya. Duk wanda ya raɗa shi ya san ainihin abin da yake hana mai cuta fitowa.

Waɗannan wurare sun fi kama da ƙauye bisa ga asibiti. Majinyata suna da ɗakunansu da gonakinsu, masu ƙarfi suna noma, akwai makaranta domin yara, ana koyon sana'a. Maganin da ake yi a lokacin man wata itaciya ce ta ƙasar Indiya, ana yin allurarsa a fata. Allurar tana da zafi, amfaninta kuwa kaɗan ne, saboda haka mutum sai ya shekara biyar ko goma bai bar wurin ba. An yi alheri a can, kada mu manta. An wanke gyambon da dangi suka guje wa, an ciyar da waɗanda aka kora daga gida. Amma an biya tsada. Mutum yakan dawo ya tarar an raba gonarsa, matarsa ta yi wani aure, 'ya'yansa ba su san shi ba. Wasu da aka sallame su ba su koma gida ba sam, suka kafa unguwa a gefen asibitin, gama garinsu ba ya son su. Tsoron da ɗan'uwanmu ya ji da aka ambaci Saye, daga nan ya gaje shi. Ni ban ga laifinsa ba.

Abin da ya rufe gidajen

Magani ne ya rufe su. An gano sitireftomaisin a Amurka a 1943, aisonayazid ya fito a 1952, rifamfisin kuma a shekarun 1960. Sai tambaya ta taso: tun da ga magani, har yanzu dole ne a raba mutum da gidansa? Ƙasashe matalauta suna bukatar amsa, don ba su da gadajen da za su kwantar da kowa.

Aka yi gwaji a birnin Madras na Indiya, wanda yanzu ake kira Chennai, daga 1956. Aka ɗauki majinyata 193, yawancinsu talakawa masu zama a matsattsun ɗakuna. Aka raba su biyu. Rabi aka kwantar da su a gidan doguwar jinya, da hutu da abinci mai kyau, rabi aka bar su a gidajensu. Duka aka ba su magani iri ɗaya har shekara guda. Da aka bayyana sakamako a 1959, sai aka ga warkewar na gida ta yi kusan daidai da ta waɗanda aka kwantar. Na kwance sun fi yin ƙiba, shi ke nan. Aka kuma bi iyalansu shekaru ana dubawa, aka tarar iyalan waɗanda suka yi jinya a gida ba su fi sauran kamuwa ba. Dalili kuwa, haɗarin ɗauka ya fi yawa ne kafin a fara magani, sa'ad da mutum yake tari ba a san abin da yake damunsa ba. Amma likitocin Madras sun lura da wani abu kuma: na gida sukan yi sakaci da shan magani in ba mai sa musu ido. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Kuturta ma haka. A Uzuakoli, cikin jihar Abiya ta yanzu, wani likita mai suna John Lowe ya nuna wajen 1950 cewa ƙwayar dafson da ake haɗiya tana aiki, ga ta da araha. Daga nan aka fara ba da ita a ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka, mutum ya karɓa ya koma gonarsa. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Yau kuturta tana warkewa cikin wata 6 ko wata 12, gwargwadon irinta. Wanda ya ga wani tabo a fatarsa da ya fi sauran jiki haske, in an taɓa da auduga ba ya ji, ya je a duba shi tun yatsu ba su lalace ba.

Saye ta yau cibiya ce ta gwamnatin tarayya inda ake horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta daga ko'ina cikin Nijeriya. Akwai babban ɗakin gwaji, akwai ɗakunan kwanciya. Ana kwantar da wanda jikinsa ya yi tsanani, ko mai tarin da ya ƙi magani kuma yana bukatar a sa masa ido, ko mai gyambon da ya ƙi warkewa. Zaman na makonni ne ko 'yan watanni, sa'an nan a mai da mutum asibitin da ya fi kusa da shi ya ci gaba. Tarin da ya ƙi magani a dā yakan ci wata 18 zuwa 24 ana jinyarsa, da allurai masu iya kurmantar da mutum. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wani haɗi na ƙwayoyi zalla na wata 6 domin yawancin masu irin wannan tari.

Aikin ya dawo gida

Yanzu ga inda darasin ya shafe mu. Ginin ne aka rufe, amma aikin da ake yi a cikinsa yana nan. A can akwai mai dafa abinci, akwai mai buɗe taga, akwai mai tsayawa a kan majinyaci har ya haɗiye magani, kuma ba wanda zai ce masa ya tashi ya ɗauki fartanya. Duk wannan yanzu a wuyan matarsa da 'yan'uwansa da mu 'yan ƙungiya ya rataya. Gwamnati magani take bayarwa, ba ta ba da tuwo.

Duk wanda ya yi sati biyu yana tari, balle in da zazzaɓi da gumin dare da rama, ko jini a kaki, ya je babban asibiti na Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi, ko asibitin da ya fi kusa, ya ce yana so a gwada kakinsa. Gwajin da maganin kyauta ne a wuraren da gwamnati ta keɓe. Za a kuma gwada shi ko yana da ƙanjamau, kada ya ji haushi, haka ake yi wa kowa, domin cututtukan biyu sukan tafi tare. Maganin wata 6 ne: wata 2 na farko magunguna huɗu a haɗe, wata 4 na baya guda biyu, kowace rana ba fashi.

Mu lissafa da kalandar manomi. Wanda ya fara sha da shuka a farkon Yuni, sai ƙarshen Nuwamba zai gama, an shiga girbin dawa. Wurin da ake faɗuwa shi ne wata na biyu zuwa na uku. Tari ya lafa, abinci ya fara shiga, mutum ya ji kamar ya warke. Lokacin nan ne kuma ciyawa ta taso, rumbu ya yi ƙasa, kuɗin babur zuwa asibiti ya zama abin tunani. Sai ya ce bari in ɗan dakata. Haka ɗan'uwanmu ya yi shekara biyu kafin wannan takarda. Ya sha wata biyu ya bari, da tari ya dawo sai ya riƙa sayen kafso a kemis yana sha kwana uku-uku.

Kowa a nan ya san ƙiri-ƙiri. In ka sare kansa ka bar saiwa, gona za ta yi kyau sati biyu, sa'an nan ya dawo ya fi dā. Ƙwayoyin tarin fuka haka suke. Masu rauni su ne suke fara mutuwa, shi ya sa ake jin sauƙi da wuri. Masu taurin kai suna nan a ɓoye, in an tsai da magani su ne za su hayayyafa, kuma wataƙila maganin farko ba zai ƙara kama su ba. Abin baƙin ciki, wanda ya ɗauka daga wurin wannan mutum, mai taurin zai ɗauka, ko da shi bai taɓa yin sakaci ba.

Saboda haka kowane majinyaci ya sami mutum guda wanda zai ga ya haɗiye magani kowace safiya, ya sa alama a kati. A ganina kada a ɗora wa matar ita kaɗai. Mace da yawa ba ta iya tsare mijinta da magana in ya ce ya gaji da ƙwaya. A haɗa ta da wani wanda majinyacin yake jin nauyinsa, kamar wansa ko shugaban ƙungiya. In zai tafi cin rani ko aikin rake a wani gari, ya gaya wa malamin asibiti tun da wuri a shirya masa yadda zai ci gaba da karɓa. Za a sake gwada kaki a ƙarshen wata na 2 da na 5 da na 6. Malamin asibiti ne zai ce an warke, ba jin daɗin jiki ba.

Fitsari zai yi ja kamar ruwan goro. Aikin rifamfisin ne, ba jini ba ne, kada a tsorata. Amma in ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dushewa, ko ƙuraje suka feso, a koma asibiti ran nan. Matan da suke shan ƙwayar tazarar haihuwa su gaya wa malamar asibiti, gama maganin yana rage mata ƙarfi.

Sai maganar iska, wadda Brehmer ya hau dutse yana nema, mu kuwa Allah ya ba mu a banza muna toshewa. Ku dubi ɗakunanmu. Taga ɗaya kamar tafin hannu, da hunturu a cusa mata tsumma, a saki asabari a ƙofa, mutum bakwai su kwana ciki. Ɗakin nan ne yake raba cutar. Majinyaci ya kwana shi kaɗai a makonnin farko in da hali, taga a buɗe, da rana ya zauna waje a inuwa. Ya rufe baki in zai yi tari, ya tofa kaki a gwangwani mai murfi a zubar a masai. A riƙa shanya tabarma da bargonsa, rana tana kashe ƙwayar. Bayan kamar sati biyu na shan maganin da ya dace, haɗarin ɗauka yakan ragu ƙwarai, sai dai mai tarin da ya ƙi magani ya bi abin da likita ya ce. Ba a ɗaukar tarin fuka ta kwano ko moɗa ko gaisawa. Na sha ganin an ware wa majinyaci kwanonsa ana tura masa abinci da ƙafa, alhali da dare jikoki suna kwana a ɗakinsa ƙofa a rufe. An tsare inda ba ɓarawo, an bar ƙofa a buɗe. Duk mutanen gida a kai su a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5, akwai maganin rigakafi da ake ba su.

Abinci ba sai na kanti ba. Wake, gyaɗa, awarar waken suya, ƙwai, zogale, ɗan kifi ko nama ran kasuwa. Nono yana da kyau amma a tafasa madarar tukuna, don shanu ma suna da nasu tarin mai kama mutum. Burkutu da taba a bar su, hanta tana da isasshen aiki da maganin.

Doguwar jinya ba ta tari kaɗai ba ce. Akwai tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, wanda in ba a juya shi kamar kowace awa biyu ba bayansa zai yi gyambo. Akwai wanda ya warke daga kuturta amma ƙafarsa ba ta ji, sai ya duba tafinsa kowace yamma ko ƙaya ta shiga, ya jiƙa a ruwa ya shafa mai, kada ya fita gona ba takalmi. Waɗannan za mu ba su darasinsu dabam.

Wa zai yi huɗa

Tambayarsa ta biyu ba likita ne zai amsa ta ba. Mu ne, kuma mun makara. Sai da na koma sau uku, sa'an nan ƙungiya ta zauna aka yi masa alkawari a gaban matarsa cewa za a yi masa gayya kuma za a ɗage biyan bashin takinsa zuwa baɗi. Washegari ya zaro takardar daga ƙarƙashin tabarma. Ya yi sati bakwai a kwance, aka sallamo shi ya ƙarasa a gida, yau yana noma. Amma masararsa ta bara ba ta yi rabin abin da ta saba ba, domin ciyawa ta riga mu. Kuma da aka duba yaran, aka tarar 'yar autarsa ta kamu, ita ma ta yi nata watannin tana shan magani. Ko ta ɗauka kafin takardar ko cikin sati biyar ɗin nan, abin yana damuna har yanzu.

Da muna da tsari tun farko, da ba a kai ga haka ba. Gayya ba baƙuwa ba ce a wurinmu, abin da ya rage shi ne mu rubuta ta cikin dokar ƙungiya tun kowa yana lafiya, don kada mara lafiya ya zama mai roƙo. Ƙungiya mai mutum 20, in kowa ya ba da safiya ɗaya a noman farko, ɗaya a maimai, ɗaya a girbi, gonar mutum guda ba za ta kwana ba. In kowa ya zuba tiya biyu ta hatsi da kaka, an sami tiya 40, buhu guda ke nan a ajiye domin gidan da jinya ta faɗa wa. Masu rake na Makarfi da Kudan, waɗanda kuɗinsu yake shigowa da rani, suna iya zuba nasu da kuɗi a riƙa biyan babur zuwa asibiti. Na san za a ce wani zai yi ƙaryar ciwo. Katin asibiti ya isa shaida. Wani kuma zai ce shi bai taɓa kwanciya ba, don me zai zuba? Wannan sai shugabanni su yi haƙuri da shi.

Abu ɗaya nake gargaɗi a kai. Taimakon kada ya zama talla. Mutum ne zai faɗi ciwonsa da bakinsa in ya ga dama. Shugaba da ma'aji su sani, sauran a ce musu ɗan'uwa ba shi da lafiya, ana gayya ran Asabar. In aka fara nuna gidansa da baki a kasuwa, aka daina sayen ƙosan matarsa, na gaba da zai yi tari ɓoyewa zai yi.

A taronku na gaba ku tattauna waɗannan: wane asibiti ne mafi kusa da ku da ake gwajin kaki, kuma nawa ne kuɗin zuwa da dawowa? Akwai wanda kuka sani ya fi sati biyu yana tari, kuma wa ya fi dacewa ya yi masa magana a asirce? Tiya nawa ƙungiyarku za ta iya ajiyewa da kakar bana, a rumbun wa? Sakatare ya rubuta abin da kuka yanke, ya ba ni in na zo zagaye wata mai zuwa.